Kiɗan da Ke Jiran Mabushi: Kilarinet, 'Yan Sha'awa da Takardun da Aka Manta

A shekarar 1896 ƙungiyar makaɗa ta birnin Biyana, babban birnin Ostiriya, ta sa gasa. Sharaɗinta shi ne kowane mai shiga ya tsara kiɗa na mutane kaɗan, wanda a cikinsa akwai abin busa aƙalla guda ɗaya. Johannes Brahms, wanda a lokacin babu mai tsara kiɗan da ya kai shi kwarjini a ƙasashen da ke jin Jamusanci, shi ne shugaban girmamawa na ƙungiyar. Wani saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, Walter Rabl, ya zo na ɗaya da kiɗan mutum huɗu: kilarinet da biyolin da celo da fiyano. Brahms ya yaba, har ya haɗa shi da Simrock, mai kamfanin da ke buga masa nasa ayyukan, aka buga kiɗan a 1897. Bayan 'yan shekaru Rabl ya ajiye alƙalami, ya koma jagorantar makaɗa a gidajen wasa. A yau, ko cikin waɗanda suka tsufa suna busa kilarinet, ƙalilan ne suka taɓa riƙe takardun wannan kiɗa da ya ci gasa a gaban Brahms.

Tambayar da ta haifar da wannan maƙala ita ce: me ke sa wani kiɗa ya rayu, wani kuma ya kwanta a kanta shekara ɗari, alhali duka biyun daga hannun gwanaye suka fito? Ina yin tambayar ne a matsayin ɗan sha'awa, wato wanda ba ya cin abinci da busa. Na koyi kilarinet ina ɗalibi a Ingila, na rufe ta a akwati shekara ashirin da biyu saboda aiki da iyali, sa'an nan na sake buɗewa. Abin da na tarar bayan komawata shi ya tura ni binciken tarihin da zan kawo.

Abin busar da irin kiɗan

Kilarinet abin busa ce ta katako, baƙa wuluk, tsawonta kamar kamu ɗaya da rabi. Mai kallo zai ɗauka 'yar uwar algaita ce, amma sun bambanta a baki. Algaita harshe biyu gare ta masu kaɗawa da juna, ita kuwa kilarinet harshe ɗaya gare ta na kara, wanda ake ɗaurewa a jikin bakin busa. Mafi shaharar karan a kudancin Faransa ake noma shi, katakon masu kyau kuwa daga wani baƙin icce yake da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik.

Ana danganta ƙirƙirarta ga Johann Christoph Denner, wani masassaƙin kayan busa na birnin Nuremberg a Jamus, wajen shekarar 1700. Ta farko maɓalli biyu gare ta. A zamanin Mozart sun kai biyar. A 1812 Iwan Müller ya gabatar da mai maɓalli 13 a Faris, da nufin guda ɗaya ta wadatar da mabushi a kowane irin kiɗa, amma dattawan makarantar kiɗa ta birnin suka ƙi amincewa. Hujjarsu ita ce doguwa da gajera kowace da irin amonta, bai kamata a rasa wannan bambanci ba. Har yau akwai burbushin wannan ra'ayi, domin mabushi na gaske yakan riƙe guda biyu, wadda ake kira Bi-filat da wadda ta ɗan fi ta tsawo da ake kira A. Tsarin maɓallai 17 da zobba 6 da yawancinmu muke amfani da shi, Hyacinthe Klosé da Louis-Auguste Buffet ne suka fitar da shi a Faris wajen 1843.

Shi kuwa kiɗan ɗaki, sunan ya samo asali ne daga inda aka fara yin sa: ɗakunan fadoji da falon gidajen attajirai da malamai. Ya bambanta da kiɗan babbar ƙungiya mai mutum sittin ko tamanin da jagora tsaye da 'yar sanda. A kiɗan ɗaki mutane kaɗan ne, daga biyu zuwa tara, kowa da nasa layi da babu mai taya shi, kuma babu jagora. Idan mutum ɗaya bai zo ba, an fasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan gaskiya ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya a tarihin.

Abota ce ta tara taskar

Idan aka dubi manyan ayyukan da aka yi wa kilarinet, za a ga kusan kowanne akwai wani mabushi takamaimai a bayansa. Mozart yana da Anton Stadler, abokinsa a Biyana. A watan Agusta na 1786 ya rubuta kiɗan mutum uku domin a yi shi a gidan Nikolaus von Jacquin, malamin ilimin tsirrai. 'Yar mai gidan, Franziska, wadda ɗalibar Mozart ce, ita aka rubuta wa fiyano, biyola kuwa abin da Mozart kansa ke son gogawa ce, Stadler na kan kilarinet. Wannan haɗi na kayan kiɗa baƙo ne a lokacin, kuma dalilinsa a bayyane yake: su ne mutanen da ke cikin ɗakin. Bayan shekara uku, a Satumban 1789, ya gama wa Stadler kiɗan mutum biyar, kilarinet da masu goge huɗu, aka fara yin sa a bainar jama'a ranar 22 ga Disamba, a taron tara kuɗi domin zawarawa da marayun makaɗa. Rubutun hannun Mozart na wannan aiki ya ɓata, abin da muke da shi ya zo mana ne ta hannun masu bugawa.

Haka Carl Maria von Weber ya haɗu da Heinrich Baermann, mabushin fadar Munich, a 1811, daga wannan haɗuwa aka sami ayyuka da dama, har da kiɗan mutum biyar da ya kammala a 1815. Labarin Brahms ya fi su ban mamaki. A ƙarshen 1890 ya sanar da mai buga masa aiki cewa ya yi sallama da tsara kiɗa. A watan Maris na 1891 ya ziyarci fadar Meiningen, ya ji busar Richard Mühlfeld, mutumin da ya shiga ƙungiyar fadar a matsayin mai goga biyolin kafin ya koma kilarinet. Kafin damina ta wuce Brahms ya rubuta kiɗan mutum uku da na mutum biyar, masu lamba 114 da 115 a jerin ayyukansa, ya ƙara wasu biyu na kilarinet da fiyano a 1894. Da Mühlfeld bai sa kilarinet a baki ba, da waɗannan ayyuka huɗu ba su zo duniya ba.

Hannun 'yan sha'awa

Littattafan tarihin kiɗa sukan tsaya a kan waɗannan ƙwararru uku. Amma akwai wani jeri na biyu da ba a cika ambata ba, na mutanen da ke da wata sana'a, suna busa da yamma bayan an tashi aiki. Ferdinand Troyer, wani basarake mai kula da gidan Yarima Rudolph a Biyana, ɗan sha'awar kilarinet ne. Shi ya nemi Franz Schubert ya rubuta masa kiɗa irin na mutum bakwai da Beethoven ya yi. A 1824 Schubert ya kawo masa na mutum takwas, mai babi shida, wanda ke cin kusan sa'a guda, Troyer kansa ya busa a farkon yin sa. Ba a buga wannan aiki ba sai 1853, shekara 25 bayan rasuwar Schubert, kuma ko a lokacin an cire babi biyu.

Werner Reinhart, ɗan kasuwa a garin Winterthur na Suwizalan, shi ma mabushin sha'awa ne. Da kuɗinsa aka fara nuna Labarin Soja na Igor Stravinsky a Lausanne a 1918, lokacin da yaƙin duniya na ɗaya ya raba Stravinsky da dukiyarsa ta Rasha. A matsayin tukuici Stravinsky ya rubuta masa gajerun kiɗa uku na kilarinet ita kaɗai, waɗanda yau kowane ɗalibin busa ke fama da su. A Ingila kuma akwai Walter Willson Cobbett, ɗan kasuwa mai goga biyolin don sha'awa, wanda ya kafa gasar kiɗan ɗaki a 1905, ya kuma fitar da babban kundin bayani a kan wannan fanni a 1929. Waɗannan mutane ba su bar suna a matsayin gwanayen dandali ba, amma sun nema, sun biya, sun kuma buɗe falonsu.

Abin da mai komawa ke tararwa

Wanda ya daɗe bai busa ba, yatsunsa sukan riga leɓunansa dawowa. Yatsu sun riƙe hanyoyinsu, amma naman da ke kewaye da baki ya saki, ta yadda bayan minti goma iska za ta fara zurarewa ta gefe. Ita ma kilarinet ɗin ta tsufa a kwance: fatun da ke toshe ramuka sun bushe, sai an kai wa mai gyara. Sa'an nan akwai wani tsallake da duk mabushi ya sani. A sarewa da yawancin kayan busa, sauti na sama yana hawa mataki takwas ne daga na ƙasa, amma a kilarinet goma sha biyu yake hawa, don haka akwai gurbi a tsakiya inda kusan dukan yatsu ke sauya wuri a lokaci guda. Wata shida na yi kafin wannan tsallake ya daina yi mini ƙara.

Daga nan na shiga wani rukuni na 'yan sha'awa da ke haɗuwa kowace Alhamis da yamma a falon wata tsohuwar malamar makaranta. Abin da na sani daga ƙuruciya shi ne Mozart da Brahms da ɗan abin da ya samu na Weber, domin su ne ke cikin manhajar jarrabawa, su ne kuma ke kan faifai. Sai na tarar abokan nan suna da kabad cike da takardu masu ɗauke da sunayen da ban taɓa ji ba. A ciki na gamu da Bernhard Crusell, wanda aka haifa a Finlan a 1775 a gidan talakawa masu ɗinkin littattafai, ya koyi busa a ƙungiyar badujalar soja, ya zama mabushin fadar Suwidin, ya kuma bar kiɗa uku na kilarinet da masu goge uku. Da yake shi mabushi ne, layinsa yana kwanciya a ƙarƙashin yatsu kamar an auna. Na gamu da Louise Farrenc, wadda ta koyar da fiyano shekara talatin a makarantar kiɗa ta Faris tun daga 1842, ana biyan ta ƙasa da takwarorinta maza, har sai da kiɗanta na mutum tara ya yi tashe a 1850 ta nemi a daidaita albashin, aka daidaita. Kiɗanta na kilarinet da celo da fiyano, mai lamba 44, mun yi wata biyu a kansa.

Busa kiɗan da kunne bai san shi ba wani aiki ne daban. A Mozart, in ido ya ɓace, kunne zai mai da mutum hanya. A Farrenc babu wannan tudun dafawa. Dole a ƙirga kowane shiru da aka rubuta, a saurari mai celo don a san inda aka kwana, kuma sau da yawa sai a tsaya a koma baya tare. Sai dai akwai riba biyu. Ta farko, mutum yana jin kiɗan ne yadda waɗanda suka fara yin sa suka ji shi, ba tare da sanin abin da shafi na gaba ya ƙunsa ba. Ta biyu, ɗan sha'awa in ya ɗauki Brahms, duk gwanayen da ya taɓa ji a faifai suna tsaye a bayansa suna auna shi. A kiɗan da bai taɓa ji ba babu kowa a bayansa, shi da abokansa za su yanke saurin tafiya da inda za a numfasa.

Ɗan likitan Saliyo a Landan

Aikin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan kabad shi ne kiɗan mutum biyar na Samuel Coleridge-Taylor. An haife shi a Landan ranar 15 ga Agusta 1875. Mahaifinsa, Daniel Taylor, likita ne ɗan Saliyo da ya yi karatu a Ingila, ya koma Afirka ta Yamma kafin a haifi yaron. Mahaifiyarsa Baturiya, Alice Martin, ita ta rene shi a Croydon. Yana da shekara 15 ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta, inda daga baya ya zauna gaban Charles Villiers Stanford, malamin da ya yi suna wajen tsanani. Ana ba da labarin cewa Stanford ya faɗa wa ɗalibansa, bayan fitowar aikin Brahms, babu wanda zai sake rubuta wa kilarinet da masu goge huɗu kiɗa ba tare da ya bi sawun Brahms ba. A 1895, yana da shekara ashirin, Coleridge-Taylor ya kawo nasa, mai lamba 10 a jerin ayyukansa. Stanford ya gamsu har ya ɗauki takardun zuwa Balin, ya nuna wa Joseph Joachim, aminin Brahms kuma babban mai goga biyolin na zamanin.

Wanda ya busa shi zai gane abin da Stanford ya gani. Kiɗan Brahms na dattijo ne mai waiwaye, na Coleridge-Taylor kuwa na saurayi ne mai gaggawa, kuma idan yana da uba a fagen kiɗa to Antonín Dvořák ne. Babinsa huɗu. A na farko ƙirga tana yawo tsakanin bibbiyu da uku-uku, har mu biyar muka shafe maraice guda muna tafi da hannu kafin mu ɗauki kayan kiɗa. A na biyu, mai tafiyar hankali, kilarinet takan koma ƙasa ta bar wa biyolin waƙar, abin da ke koya wa mabushi yin ƙasa da murya. An rubuta shi ne domin kilarinet A, wadda ɗan sha'awa ba safai yake mallaka ba. Ni ma sai da na ara.

Rayuwar mai shi ta nuna yadda suna da abinci ke iya raba hanya. A 1898 ya fitar da Bikin Auren Hiawatha, aikin mawaƙa da makaɗa masu yawa, wanda ya zagaye Ingila da Amurka. Ya sayar wa kamfanin Novello haƙƙinsa gaba ɗaya a kan fam 15 da sule 15, kamfanin ya sayar da dubban ɗaruruwan kwafi, shi kuwa ya ci gaba da koyarwa da jagorantar makaɗa da alƙalancin gasa domin ciyar da iyali. Ya halarci taron farko na haɗin kan baƙar fata da aka yi a Landan a 1900, ya ziyarci Amurka sau uku, Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadar gwamnati a 1904. Ya rasu ranar 1 ga Satumba 1912 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 37. Halin da ya bar iyalinsa a ciki yana daga abubuwan da aka kafa hujja da su lokacin da aka kafa ƙungiyar karɓar wa masu tsara kiɗa haƙƙinsu a Biritaniya a 1914. Hiawatha ya ci gaba da cika babban zauren Albert na Landan kusan kowace shekara daga 1924 zuwa 1939, amma kiɗan mutum biyar ɗin ya shiga sahun waɗanda ake karanta sunansu a jeri ba a jin amonsu.

Yadda kiɗa ke ɓacewa

Daga waɗannan labarai ana iya tsamo dalilan da ke binne kiɗa, kuma rashin kyau ba ya cikin na gaba-gaba. Na farko shi ne ɗab'i. Kiɗan mutum biyar yana bukatar takardu biyar daban-daban, sassaƙa su a farantin ƙarfe yana da tsada, kuma da zarar bugun farko ya ƙare kamfani ba zai sake ba sai ya ga kasuwa. Na biyu shi ne rashin mai riƙo. Mühlfeld ya yi yawo da ayyukan Brahms ƙasa-ƙasa har rasuwarsa a 1907, Rabl kuwa da kansa ya juya wa nasa baya, Farrenc ta rasu a 1875 a birnin da hankalin jama'arsa ke kan wasan waƙe na dandali. Na uku shi ne sauyin da garmaho da rediyo suka kawo. Kafin zuwansu, mai son jin kiɗa a gida sai ya yi da kansa, don haka ana bukatar sababbin takardu kullum. Bayan zuwansu sai falo ya koma wurin sauraro, masu sayar da faifai da masu shirya taro kuma suka riƙa zaɓen sunan da zai jawo mai saye. Manhajar makarantu ta bi wannan zaɓi, ɗalibi ya koyi abin da malaminsa ya koya, da'irar ta yi ta ƙuntata.

A 'yan shekarun nan an sami sauƙi. Rumbun IMSLP da aka buɗe a intanet a 2006 ya sa tsofaffin bugu da haƙƙinsu ya ƙare a hannun kowa kyauta. Ƙungiyar Chineke, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani ɗan Nijeriya, ta kafa a Landan a 2015 domin makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru, ta dawo da Coleridge-Taylor kan dandali da faifai. Amma takarda a kan kwamfuta ba ta da amo, kuma ƙwararre yana da iyaka, domin dole ya kawo abin da zai cika kujeru.

Kammalawa

Tarihin da na bi ya nuna cewa kiɗan ɗaki na kilarinet a cikin ɗaki aka haife shi, tsakanin mutanen da suka san juna, kuma wasu daga cikin manyan ayyukansa masu wata sana'a ne suka nema aka yi. Ɗan sha'awa na yau yana da abin da ƙwararre ba shi da shi: ba ya sayar da tikiti, don haka zai iya ba da wata biyu ga Farrenc ko Crusell ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Busarsa ba za ta kai ta Stadler ko Mühlfeld ba, amma wurin da yake zaune shi ne wurin da Troyer ya zauna a 1824. Saboda haka nake ganin duk wanda ya dawo wa abin busarsa bayan dogon rabuwa, ya dace ya raba lokacinsa biyu, rabi ga abin da ya sani, rabi ga sunan da bai taɓa ji ba. A rukuninmu mun ɗauki wannan ƙa'ida, kuma aikin da ke kan layi yanzu shi ne na Walter Rabl. Mun sami mai fiyano, takardun kuma suna hannun mai celo tana lilliƙe shafukan da suka yage.